Tsakanin Lauya da Jami'in Tantancewa: Yadda Ake Kare Ƙirƙira a Kan Takarda

Shirinmu na yau zai leƙa wani ofis da yawancinmu ba mu taɓa shiga ba, amma wayar da ke aljihunmu da maganin da muke sha duk sun bi ta cikinsa. Shi ne ofishin da ke ba mutum takardar mallakar abin da ya ƙirƙira.

A watan Maris na 1903, wasu 'yan'uwa biyu masu shagon kekuna a garin Dayton na Amurka, Wilbur da Orville Wright, sun rubuta takardar neman mallakar dabararsu ta tashi sama, suka aika ofishin gwamnati da kansu. Ofis ya ƙi. A watan Disamba na wannan shekara jirginsu ya tashi, amma tashin bai sa an ba su takarda ba. Sai a farkon 1904 suka ɗauki wani lauya mai suna Harry Toulmin. Shi kuma bai tsaya kan inji ko farfela ba. Ya gina neman a kan yadda ake sarrafa jirgi a cikin iska, wato yadda ake karkatar da gefen fukafuki don daidaita shi da juya shi. A ranar 22 ga Mayu, 1906 takarda ta fito, kuma faɗinta ya kai har sauran masu ƙera jirage suka yi shekaru suna shari'a da su a kanta. Basirar tasu ce tun farko. Abin da lauyan ya kawo shi ne sanin abin da za a nema da kalmomin da za a neme shi da su.

To mece ce wannan takarda? Yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Kai ka fito da sirrin abinka fili, ka bayyana shi yadda duk masanin fannin zai iya yin irinsa, ita kuma hukuma ta ba ka ikon hana kowa yi ko sayarwa ba da izininka ba har shekara 20 daga ranar da ka shigar da nema. Takardar kashi biyu ce. Akwai dogon bayani da zane-zane, sannan a ƙarshe akwai wasu 'yan jimloli masu lamba da ake kira da'awa. Waɗannan jimloli su ne iyakar gonarka. Abin da ke ciki naka ne, abin da ke waje na kowa ne, ko da kai ka share shi. Duk ja-in-ja da ake yi tsakanin lauya da jami'in tantancewa a kan inda za a kafa wannan iyaka ne.

Shi jami'in tantancewa ma'aikacin gwamnati ne da ya karanci injiniya ko kimiyya. Albert Einstein ma irin wannan aiki ya yi a birnin Bern na Suwizalan daga 1902 zuwa 1909. Tambayoyin jami'in sanannu ne. Abin nan sabo ne? In sabo ne, ya wuce abin da duk wani gwanin fannin zai yi tunaninsa cikin sauƙi? Bayanin ya wadatar, kalmomin da'awar kuma a fayyace suke? A Amurka akwai ƙarin tambaya da ta yi tsanani tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2014 a shari'ar Alice: shin wannan ƙirƙira ce, ko tsohon tunani ne kawai aka ce a yi shi da kwamfuta? Ofishin Amurka, wanda hedikwatarsa ke Alexandria a jihar Virginia, yana karɓar nema fiye da rabin miliyan kowace shekara. Masu bincike sun ƙiyasta cewa jami'i ɗaya yana samun kimanin awa 19 ne a kan kowane nema, daga karatu zuwa bincike zuwa rubuta hukunci. Ku riƙe wannan adadi, domin rabin dabarun lauyoyi daga nan suke fitowa. Mutumin da za ka shawo kansa ba shi da lokaci.

Bayan jira na kusan shekara biyu, wasiƙar farko takan zo, kuma a mafi yawan lokuta ƙi ne. Sabon shiga yakan karaya. Lauyan da ya goge kuwa hankalinsa kwance, har ma in an amince masa tashin farko yakan tambayi kansa ko ya nemi ƙasa da abin da ya cancanta. Ana ba shi wata 3 ya ba da amsa, yana iya ƙarawa zuwa wata 6 in ya biya kuɗi. In ya wuce haka, neman ya faɗi.

Bari mu ɗauki misali don abin ya fito fili. A ce wata injiniya ta ƙera injin ɓare gyaɗa wanda ba ya farfasa ƙwaya. Sirrinsa shi ne tazarar da ke tsakanin gangar da ke juyawa da ragar da ke ƙarƙashinta tana buɗewa ko ta matse da kanta, gwargwadon girman gyaɗar da ta shigo. Ta yi hakan da sifirin guda biyu, ta kuma lulluɓe gangar da roba. In ita za ta rubuta da'awarta, za ta kwatanta injin da ke gabanta ne: sifirin biyu, roba, gyaɗa. Gobe wani ya sa sifirin uku, ko ya sa nauyi a madadin sifirin, ya wuce abinsa ba ta da ta cewa. Lauya zai fara da tambayarta: in babu sifirin, da me kuma za a iya yi? In ba roba ba fa? Gujiya da waken suya za su ɓaru a ciki? Duk amsar da ta bayar sai ya zuba ta cikin bayani. Sannan ya rubuta da'awa ta ɗaya da faɗi: injin ɓare abin da ke da ɓawo, wanda ya ƙunshi ganga, da raga, da abin da ke sa tazararsu ta canza da kanta. Da'awa ta biyu ta ce abin nan sifirin ne. Ta uku ta ƙara roba. Haka zai yi ta saukowa daga mai faɗi zuwa mai ƙunci, domin in an kayar da ta sama, ya sami inda zai ja da baya ya tsaya.

Dalilin wannan wahala tun ranar farko shi ne doka ta hana ƙara sabon abu bayan an shigar da nema. Kana iya gyara da'awa, amma sai da abin da ka riga ka rubuta a bayani. Ofishin Turai da ke Munich ya fi kowa tsanani a nan. Can in ka ɗauko rabin jimla daga shafi na 5 ka haɗa da rabi daga shafi na 9, suna iya ce maka wannan haɗin bai taɓa kasancewa a takardarka ba. A ganina, mai ƙirƙirar da ya yi rowar kuɗi a rubutun farko ya yi asarar da babu lauyan da zai iya mayar masa da ita daga baya, komai gwanintarsa.

Yanzu wasiƙa ta zo wa injiniyarmu. Jami'i ya tono wata tsohuwar takarda ta injin casar kofi mai ganga da raga, wanda ake gyara tazararsa da noti. Ya tono wata kuma ta injin niƙa mai faranti da sifirin ke turawa. Ya ce haɗa wannan da wancan abu ne da kowane gwani zai yi.

Abin da lauya na ƙwarai yake fara yi shi ne ya karanta waɗannan takardu da kansa, daga farko har ƙarshe, ba sakin layin da jami'i ya nuna kaɗai ba. Sau da yawa a nan ake samun amsar. In ƙin ya dogara ne a kan cewa abin ba sabo ba ne, ƙa'ida ita ce sai takarda guda ɗaya ta ƙunshi kowane ɓangare na da'awar. In lauya ya nuna ɓangare ɗaya da babu, wannan ƙi ya rushe. Injin kofi ba ya canza tazara da kansa, sai an tsayar da shi an juya noti, don haka nan babu wuya.

Wuyar tana wajen haɗa takardu biyu. Da can lauyoyin Amurka sukan ce wa jami'i ya nuna inda aka rubuta cewa a haɗa su, in bai nuna ba ya janye. Sai aka yi shari'ar KSR da Teleflex a 2007, a kan fedar totur ta mota da ake iya matsarwa gaba da baya, wadda aka maƙala wa na'urar lantarki mai auna takawa. Kotun Ƙoli ta ce gwanin fanni mutum ne mai hankali da dabara, kuma haɗa sanannun abubuwa biyu kowanne yana aikin da aka san shi da shi ba ƙirƙira ba ce. Tun daga nan aikin lauya ya ƙaru. Dole ya nuna dalilin da zai hana gwani yin wannan haɗi. A misalinmu zai ce: sifirin da ke injin niƙa an sa shi ne don ya danna, ya murƙushe. Namu yana sassautawa ne don kada ya murƙushe. Wanda ke neman ƙwaya lafiyayya in ya karanta takardar niƙa, nesanta shi za ta yi daga wannan hanya. Zai kuma tunatar da jami'i, cikin ladabi, cewa bayan an ga amsa kowace tambaya sauƙi gare ta, kuma doka ta ce a auna da idon wanda bai taɓa ganin injin ba.

In hujjar baki ba ta isa ba, sai a kawo shaida. Tun shari'ar Graham da John Deere a 1966, wadda aka yi a kan garma, kotu ta yarda a duba wasu alamu: an daɗe ana neman maganin matsalar? Wasu sun gwada sun kasa? Sakamakon ya ba masana mamaki? Kasuwa ta karɓe shi saboda wannan dabara takamaimai? Injiniyarmu za ta gwada injinta da na da a kan buhun gyaɗa iri ɗaya, ta ƙirga fasassun ƙwayoyi, ta rubuta, ta sa hannu bisa rantsuwa. Maganar lauya ba shaida ba ce, amma wannan takarda shaida ce, kuma dole jami'i ya auna ta.

Wani lokaci kuma gaskiya tana wajen jami'i, sai an rage da'awa. A nan ne ake gane gwani. Duk wasiƙar da aka yi musaya, duk gyara, duk hujja, ana ajiye su a fayil, kuma fayil ɗin a buɗe yake ga duniya. Bayan shekara 10, in aka je kotu, lauyan abokin gaba zai karanta shi layi-layi yana neman inda ka ce abinka bai haɗa da kaza ba. Kamfanin Festo na Jamus ya ɗanɗana wannan. Yana da wata silinda da maganaɗisu ke jan kaya a jikinta, kuma lokacin nema an ƙara wa da'awarsa zoben toshewa guda biyu da riga ta ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa. Wani kamfanin Japan ya yi tasa da zobe ɗaya da riga ta wani ƙarfe daban. Festo ya ce ai abu ɗaya ne a aikace. A 2002 Kotun Ƙoli ta ce wanda ya rage da'awarsa don a ba shi takarda, ana ɗauka ya sallama abin da ke tsakanin tsohuwar da sabuwar, sai in ya iya nuna akasin haka. Magana zarar bunu ce. Shi ya sa amsar lauyan da ya san aikinsa takan zama gajera. In hujja ɗaya ta isa ba ya kawo biyar. In kalma biyu za su raba shi da tsohuwar takarda ba ya ƙara jimla. Ba ya kuma rubuta cewa "ainihin ƙirƙirar ita ce kaza", domin ran da aka je gaban alƙali, wannan kaza ita kaɗai za a bar masa.

Akwai dabarar da na fi ganin amfaninta, kuma ita ce mafi arha: a nemi ganawa da jami'in. A Amurka ana yin ta ta waya ko ta bidiyo, rabin awa zuwa awa ɗaya. Lauya yakan aika da abin da za a tattauna tun kafin ranar, da gyara ɗaya ko biyu da yake tunani. Yakan buɗe da tambaya: ranka ya daɗe, a ina ka ga wannan ɓangare a tsohuwar takarda? Sau da dama sai a tarar ba a kan injin aka saɓa ba. Jami'i ya fahimci wata kalma da faɗin da lauya bai nufa ba, kuma aikinsa ne ya karanta ta da faɗi. A ce ya ɗauki "canza da kanta" ta haɗa da ragar da ta saki saboda tsufa. Cikin minti 10 an gano, an sami kalmar da ta gamsar da kowa, abin da wasiƙu za su ci shekara ba su warware ba. Ana rubuta taƙaitaccen abin da aka tattauna a fayil. Lauyan da ya shiga ganawa da ɗaga murya ko raina jami'i, wanda ya ɗauke shi aiki ya cuta, domin gobe ma wannan jami'in zai tarar.

In an sake ƙi, wasiƙa ta biyu kan zo da sunan ta ƙarshe, amma ƙofa ba ta rufe ba. Ana iya biyan kuɗi a nemi a ci gaba da tantancewa, ko a ɗaukaka ƙara zuwa kwamitin alƙalan ofis, daga nan har kotu. Mai sabon gyara ko sabuwar shaida ya ci gaba da jami'i. Wanda ya tabbata jami'i ya yi kuskure a doka, kuma an maimaita magana har ta gundura, ya ɗaukaka. Wata hanyar ita ce a karɓi ƙaramar da'awar da aka amince da ita yau, amma kafin takarda ta fito a shigar da nema na ci gaba mai ɗauke da ranar farko, a ci gaba da neman mai faɗin a can. Manyan kamfanoni sukan bar irin wannan nema a buɗe shekaru, suna kallon abin da abokan gasa ke fitarwa. A Turai salon daban ne. Jami'ai 3 ne ke yanke hukunci, kuma lauya kan je zaman sauraro da jerin buƙatu: ga babbar, in ba a yarda ba ga ta biyu, ga ta uku. Hujjarsa ma sai ta bi tsarinsu: wace takarda ce mafi kusa, wace matsala ce bambancin ya warware. Ko an ba ka, kowa yana da wata 9 ya shigar da adawa.

Dabara tana da inda take komawa zalunci. George Selden, wanda shi kansa lauyan wannan fanni ne a Rochester, ya shigar da neman mallakar mota mai aiki da fetur a 1879. A lokacin ana ba mutum shekara 2 ya amsa kowace wasiƙa, wa'adin takarda kuma daga ranar bayarwa yake farawa. Sai ya riƙa jan ƙafa da ƙananan gyare-gyare har shekara 16. Takarda ta fito a 1895, daidai lokacin da sana'ar mota ke tasowa, aka shiga karɓar kuɗi daga masu ƙera motoci. Henry Ford ya ƙi biya, aka kayar da shi a 1909, ya yi nasara a ɗaukaka ƙara a 1911. Irin wannan ɓoyo ya ragu tun 1995, da Amurka ta koma ƙirga shekara 20 daga ranar shigarwa. Haka nan dokarsu ta ɗora wa lauya da mai ƙirƙira nauyin faɗin gaskiya. Duk tsohuwar takardar da ka sani tana iya kayar da da'awarka, sai ka miƙa wa jami'i da hannunka. In kotu ta gano ka ɓoye da gangan don yaudara, takardar duka ta mutu. Ni ina ganin miƙawar ma riba ce, domin takardar da jami'i ya ga hujjar da ta fi cutar da ita kuma ya amince, ta fi wuyar kayarwa.

Mai sauraro a Kano ko Maraɗi zai ce ina ruwana da Virginia da Munich? A Nijeriya, dokar 1970 ta ce magatakardan da ke Abuja yana duba cikar takardu ne kawai. Ba ya binciken ko abin sabo ne, kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa ana ba da takardar ne ba tare da tabbacin ingancinta ba. Tambayoyin da muka lissafa suna nan suna jira a Babbar Kotun Tarayya, ranar da wani ya ƙalubalance ka, lokacin da gyara ya yi wuya. Don haka a rubuta da'awa kamar akwai mai tantancewa mai tsanani a gaba. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai ofis a Yawunde, inda nema ɗaya ke rufe ƙasashe 17. Gana da Sudan suna cikin ARIPO da ke Harare, wadda ke binciken sabunta. Takardar ƙasa ɗaya ba ta aiki a wata ƙasa. Wanda ya shigar a gida yana da wata 12 ya kai nemansa waje da ranarsa ta farko, bisa yarjejeniyar Paris ta 1883, in kuma ya bi ta yarjejeniyar PCT, wadda Nijeriya ta shiga a 2005, yakan sami wata 30 kafin ya zaɓi ƙasashe. Mutanenmu sun taɓa bin hanyar ofisoshin waje suka fita: a 1998 ofishin Amurka ya ba da takarda a kan Niprisan, maganin ciwon sikila da cibiyar NIPRD ta Abuja ta haɗa daga tsirrai 4, ciki har da kanumfari da dawa.

Abu ɗaya kuma yana hannunku tun kafin a kai ga lauya. Bidiyon da kuka sa a Facebook ko TikTok kuna nuna cikin injinku, ko kasidar da kuka gabatar a taron jami'a, jami'in tantancewa yana iya ɗauko su ya kayar da ku da su. Amurka tana yin afuwar shekara 1 ga abin da mai ƙirƙira ya bayyana da kansa. Ofishin Turai ba ya yin wannan afuwa. A shigar da nema tukuna, sannan a kira 'yan jarida. Masu bincike a jami'o'i da masu ƙere-ƙere a Nijeriya suna iya tuntuɓar hukumar NOTAP, wadda ke taimaka wa 'yan ƙasa wajen shigar da nema.